Tsagar Gidan Su Inna A Littafin Zanen Ƙanwata

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin don girman Allah a ɓoye sunana da lambata. Sunayen da za ku gani a ƙasa duk na canza su, garuruwan ma na ɗan jujjuya su, wanda ya ga kamar ya gane mu to ya rufa mana asiri yadda yake so Allah ya rufa nashi. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku hau yin kwamen, don na san halin wasunku, layi biyu za su karanta su fara yanke hukunci.

Ni matar aure ce a Ƙanƙara, ɗinki nake yi a cikin gida. Asalinmu 'yan Mabai ne, rashin tsaro ya sa muka tattaro muka dawo gari bayan rasuwar Babanmu. Innarmu tana zaune gidan yayanmu Sale, shi ne ɗan fari, shi ne kuma uba a gare mu yanzu. Yana cikin 'yan sa-kai masu gadin gari, mutum ne mai kirki in bai yi fushi ba, in kuwa ya yi, ko Inna shiru take yi sai ya huce. Autarmu Suwaiba ita ma tana can tare da su, ta gama kwaleji tana jiran aiki, kafin nan tana yi wa amare lalle. Yarinyar nan tun tana ƙarama hannunta ba ya zama wuri ɗaya, ta zana bango, ta zana ƙasa, ta sha duka a kan gawayi har aka gaji aka ƙyale ta. Yanzu kuma a waya take yi da wani ɗan tsinke, ka same ta ta duƙufa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Muna da guruf na matan Islamiyyarmu, matar Yaya Sale ma tana ciki. Kwanakin baya wata ta turo wasu hotuna da ta kwaso a intanet, ta rubuta a sama wai mu zo mu ga abin da aka fara yi da Hausa, mu kula da wayoyin 'ya'yanmu. Irin littafin nan ne da ake ba da labari da zane, hoto bayan hoto, maganar mutum tana cikin ɗan zagaye a saman kanshi. Ba sunan wanda ya yi, sai wani laƙabi. Kafin in buɗe mata sun riga sun cika guruf da a'uzubillahi, ni ma wallahi na buɗe ne da niyyar in ajiye tawa tsinuwar in koma kan kekena.

Labarin wani yaro ne Ɗantala a ƙauye, wanda tun tasowarshi ba ya zama cikin maza, kullum yana gindin murhu, in an aike shi gona ya ɓuya wurin masu sussuka, yana ɗaura ɗankwalin yayarshi in ba kowa, yana ce mata shi a ranshi mace ne, kuma bai san yadda zai yi da wannan ba. Ubanshi ya yi duka, ya yi rubutu, ya yi hayaƙi, a ƙarshe dai yaron ya hau motar kasuwa bai sake dawowa ba, ya je wata tasha ya zama mai tuwo, ana kiran shi Talatu. Na bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya ina neman inda batsar take, don na ce ba za a rasa ba, ban samu ba, daga tukunya sai murhu sai mutum yana kuka a bayan rumbu. Wannan ma ya ƙara mani zargi, na ce ai mai son ba ka guba ba ya ba ka ita da ɗacinta.

Ina cikin haka na ja hoton fuskar ya yi girma, sai na ga tsaga a kumatun. Mu zamaninmu an daina aska, amma Inna tana da tsagar gidan ubanta a kumatu, kuma gidajen da ke da irinta ba su da yawa, yawancin masu ita ma sun mutu. Ba zan faɗi yadda take ba. Ita ce dai a fuskar Talatun nan, layi bai ɓace ba, sai dai a gefe ɗaya akwai layi guda da ya kauce ya yi ƙasa. Nan na tuna wata magana da na taɓa tsinta a bakin wata tsohuwa a gidan rasuwa ina budurwa, cewa Inna tana da ƙane da ya yi atishawa wanzami yana cikin yi mashi aska har hannu ya goce. Mu abin da aka gaya mana shi ne Kawu ya tafi kudu neman kuɗi ya mutu a can. Ban taɓa jin wanda ya ce ya je gaisuwa ba, ban taɓa jin an yi mashi sadaka ba, kuma ban taɓa tambaya ba, don a gidanmu in ka ga manya sun rufe tukunya ba ka buɗewa.

Da farko na zargi maƙiya. Na zauna na lissafo duk wanda muka taɓa saɓawa da shi, har da dangin Babanmu da aka yi rigimar gona da su, na ce wani ne ya tono tsohon abu don ya zubar mana da mutunci. Sai da na sake dubawa na ga furen da aka zana a bakin tiren tuwon Talatu, fure mai ganye a murɗe da ɗigo a tsakiya. Furen nan yana bayan hannuna a lokacin, bai gama gogewa ba, Suwaiba ce ta yi mani shi da lalle a bikin 'yar maƙwabtanmu. Ranar ban iya ƙarasa rigar da nake ɗinkawa ba.

Na aika aka kira mani ita, na rufe ƙofa, na ajiye mata waya da hannuna gefe da gefe. Ba ta yi musu ba. Na zage ta iya zagi, na tambaye ta wa ya sa ta, wace ƙungiya ce ta ɗauke ta aiki, wa take hira da shi a wayar nan dare da rana, har na tambaye ta abin da nake jin nauyin rubutawa, ko ita ma wani abu take ji a jikinta take fakewa da zane. Ta rantse ba ko ɗaya. Ta ce ta daɗe tana karanta irin littattafan nan na ƙasashen waje, labaran mutanen da aka haifa maza suna jin su mata ne ko aka haifa mata suna jin su maza ne, wai can har suna gare su, kuma duk wanda ta karanta daga mai dusar ƙanƙara sai mai jirgin ƙasa, ba ta taɓa ganin mai murhu da tsaga irin namu ba, alhali muna da su, sai dai mu ce ɗan daudu mu tofar da yawu mu kuma sayi tuwonshi. Na ce ta riƙe wa'azinta, abu ɗaya nake so ta gaya mani, an haife ta Kawu ya fi shekara ashirin da barin gida, ba hotonshi ko ɗaya a duniya, wa ya nuna mata layin da ya kauce? Na yi rarrashi na yi barazana, ta ce in kashe ta ma ba za ta faɗa ba.

Tunda ta ƙi sai na koma sa ido, kuma mai sa ido ba ya rasa abin gani. Inna tana da wani mai maganin gwiwa a Sabuwa da take zuwa wurinshi lokaci zuwa lokaci ran kasuwa, tun muna ƙauye. Kun san halin da hanyar nan take ciki ta wajen Faskari, maza ma sai da addu'a suke bin ta, amma tsohuwar nan ba ta fasawa, kuma ba ta yarda a raka ta, ta ce mai maganin ba ya son taro. Sai yanzu na tsaya na yi tunani, ban taɓa ganin ƙullin magani a hannunta ba, gwiwa kuma tana nan yadda take, abin da take dawowa da shi kula ce cike da dambu da miyar da ba irin hannun kowa a gidanmu ba. Mun sha cin dambun nan muna santi ba wanda ya taɓa cewa wane irin mai magani ne wannan.

Na ce wa maigidana zan je in ga mai maganin Inna da idona, kuma ba ƙarya na yi ba. Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne ban tambayi kowa hanya ba, zanen Suwaiba ne ya kai ni. Ga bishiyar, ga rumfar kwano mai tankwararren baki, ga duro a inda ta zana shi. Idan ni da ban taɓa zuwa ba na gane wurin da zane kawai, to duk mai son ganewa zai gane.

Na samu benci na zauna na ce a zuba mani. Mai tuwon tsoho ne, ko in ce tsohuwa, don kowa a wurin Mama Talatu yake cewa, direbobi da 'yan kamasho har da wani ɗan sanda da ya zo da kwanonshi. Zane da riga da ɗankwali, kwalli a ido, furfura ta leƙo ta gefen kunne, ƙafa ɗaya a kumbure an naɗe ta da tsumma, yana jan ta da ƙyar. A lungun rumfar ga buta ga darduma a ninke da carbi a kai. Fuskar kuwa ta Inna ce aka tsaga biyu, ga layin nan ya kauce ya yi ƙasa. Ya ajiye mani kwano da nama ya fi na kowa, ya tsaya yana kallona, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Ke ɗiyar Yaya Ladi ce. Tun daga bakin titi na ga tahiyarta."

Na zame daga benci na durƙusa, bakina ya rasa me zai kira shi, sai ina wuni kawai na iya cewa. Bai tambaye ni me ya kawo ni ba. Ya tambayi gwiwar Inna, ya ce in hana ta yawan zuwa hanya ba kyau, ya juya ya zuba wa wani miya, sannan ya dawo.

"Yaron da na goya hwa? An ce mani har bindiga shike riƙewa yanzu. Shi da ko kukan akuya ya ji sai ya ƙanƙame mani wuya."

A littafin akwai shafin da Ɗantala ya goya jariri da zane da majanyi ya nufi rijiya, maza suna dariya a dandali, kuma daga wannan shafin ne uban ya ɗaure shi a turke ya yi mashi dukan da ya kore shi. Sai a lokacin na gane jaririn nan Yaya Sale ne. Na ajiye kwanon, na fito ina kuka cikin hijabi har na shiga mota, kuma ban gaya mashi komai game da zanen ba.

Washegari na samu Inna ita kaɗai tana gyaran wake a tsakar gida, na ce mata na je Sabuwa, mai magani yana gaishe ta. Ta ajiye faifan a gefe. Ta ba ni labarin da kanta ba tare da na matsa ba. Ta zo gida wankan jegon fari, ciwo ya kama ta har ta wuce arba'in da watanni, kakarmu ta rasu, ba wanda ya tsaya mata sai shi, shi ke dafa ruwan wanka, shi ke kunun kanwa, shi ke wankin jariri. Kun san Inna ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai ta ce wancan.

"Ni na ɗaura mashi wancan a baya da hannuna, don ban iya tashi. Ni na ja mashi. Hoto guda gare shi Malam babanmu ya sa a wuta, shi kau ba ya yarda a ɗauke shi da waya. Shi ne na ce ma auta ta yi mani shi kahin idona ya ida tahiya."

Ashe zama suke yi su biyu in gida ya watse, Suwaiba tana zanawa Inna tana gyara mata, ta ce hancin ya fi haka tsawo, ta ce ba nan layin ya kauce ba, can ne, tana yi tana ba ta labari, rumfar ma ita ta kwatanta mata. Abin da zai ba ku tausayi, Inna ba ta san komai game da intanet ba. A saninta hoto ɗaya ne yana cikin wayar auta, ita kaɗai take kallo in ta yi kewa. Har ta ce mani tunda na sani yanzu, in taimaka a wanko mata shi a takarda ta sa a ƙasan akwatinta.

Na koma kan Suwaiba, wannan karon har na ɗaga hannu Allah ya sa ban sauke ba. Na ce ta ɗauki sirrin tsofaffi biyu ta shanya a kasuwa, ba ta tambayi Inna ba, ba ta tambayi mai fuskar ba, ita da ko ganin shi ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta ɗauka tunda ba ta sa sunan gari ba ba wanda zai gane, tsagar kuma ta bar ta ne don ita ce Inna ta fi wahala a kanta, ta ji ba za ta iya goge ta ba. Yaran yanzu ba su san tsaga adireshi ba ce, su kwalliya suka ɗauke ta. Ta nuna mani saƙonnin mutane suna gode mata, wani ya ce ya karanta ya fasa abin da ya yi niyyar yi wa kanshi. Ni dai ban san su ba, ban san ko na gaskiya ba ne ko masu bugun ciki ne suna son su san inda take. Ta cire littafin daga intanet tana kuka, amma me aka yi, hotunan sun riga sun shiga wayoyin mutane.

Kuma abin da nake tsoro ya fara. Akwai wata Hajiya a guruf ɗinmu, 'yar tsohon wanzamin yankinmu ce, ta turo murya tana cewa mata su tsaya su dubi fuskar nan da kyau, wannan askar mutanen Mabai ce, ta rantse hannun babanta ne. Mata suka hau lissafin gidajen da ke da irin tsagar. Matar Yaya ba ta ce komai a guruf ba, amma na lura tun ranar in ta kawo wa Inna abinci sai ta tsaya tana kallon kumatunta. Ban sani ba ko ta nuna wa mijinta, ita mace ce da ba ta iya riƙe ko kuɗin cefane a ciki balle wannan.

Shekaranjiya Yaya ya biyo ta gidana, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya ƙi shiga ɗaki, ya tsaya a zaure yana wasa da makullin mashin, ya tambayi yara, ya tambayi ɗinki, sannan kamar abin wasa ya ce wai ni ko na taɓa jin garin da aka rufe Kawu. Na ce ina zan sani ni da aka haifa bayanshi. Ya kalle ni ya ce haka ne. Har ya hau mashin ya juyo ya ce ya yanke shawara, ran kasuwar Sabuwa mai zuwa shi da kanshi zai kai Inna wurin mai maganin nan, bai kamata tsohuwa ta riƙa bin hanyar nan ita kaɗai ba yana raye. Na leƙa fuskarshi iya leƙawa ban karanta komai ba. Inna ta ce mashi ta ji sauƙi ba sai an je ba, ya ce to shi zai je ya yi wa mutumin godiya.

Don Allah kada a zo mani da cewa haramun ne namiji ya yi shigar mata, na je Islamiyya na sani, kuma ba fatawa na zo nema ba, hisabinshi yana wurin wanda ya halicce shi. Ni abin da na gani tsoho ne mai ciwon ƙafa da ya rayu shekaru a bakin murhu bai taɓa zuwa ƙofarmu ya ce a san shi ba, kuma mu ne muka kai mashi wuta har rumfarshi. Ina jin tsoro, ina kuma jin haushin kowa, har da kaina da na je na gano.

In gaya wa Inna gaskiya cewa fuskar ƙanenta tana yawo a wayoyin mutane, mace mai hawan jini, kuma ta hannun autarta? In koma Sabuwa in ce mashi ya tattara ya bar garin, da wannan ƙafar, ya je ina, wa zai karɓe shi? Ko in tari Yaya in faɗa mashi komai, har da wanda ya dafa ruwan wankanshi, in ya so in ga abin da zai yi a gabana maimakon a bayana? In kuma ashe bai san komai ba, ni ce zan zama wadda ta nuna mashi hanya. Maza na cikin gidan nan ku na fi so ku amsa mani, ku kuka san zuciyar junanku. Mutumin da ya ga kanshi jariri a bayan wanda aka ce mashi ya mutu, in ya ce zai je godiya, me yake nufi? Ɗazu yarona ya dawo daga gidan ya ce ya ga Baba Sale ya cika tankin mashin, ya kuma sayo goro ƙulli guda, amma bindigarshi ma tana jingine a zaure ya goge ta. Kasuwar jibi ce, ku taimaka mani kafin nan.